Saura wata tara a kwantiragin wayata: in biya in fita ko in haƙura?

Sadiq_Manchester
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a nan Birtaniya. Wata 15 da suka wuce na karɓi waya a kwantiragin wata 24, ana cire mini fam 52 duk wata, kuɗin waya da na layi a haɗe. Yanzu saura wata tara. Wayar ta fara ba ni wahala, batir ba ya kai ni la'asar, ga gilashin ya tsage a gefe tun ranar da ta suɓuce mini a bakin aiki. Kai kaya gida-gida nake yi, taswira a kunne take tun safe, in waya ta mutu aiki ya tsaya. Jiya na shiga shagon wani kamfanin daban a cikin gari, yaron shagon ya nuna mini sabuwar waya, ya ce fam 30 zan bayar nan take, sai fam 58 duk wata har shekara biyu. Ya ce barin tsohon kamfanina ba wuya, saƙo ɗaya zan tura. Raina ya biya da wayar, amma hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa soke kwantiragi kafin wa'adi, nawa ya biya? Kuma daga baya ya ji daɗi ko ya yi da-na-sani?

Ummi_Glasgow
Wa alaikumus salam. Kafin kowa ya ce komai, tura kalmar INFO zuwa 85075 daga layin naka. Kyauta ne, kuma ba ya soke komai. Za su turo maka abin da za ka biya idan ka fita yau. Ka zo mana da adadin, sai a yi magana a kan abin da ake gani.

Nura_Coventry
Yaron shago bai yi maka ƙarya ba, rabin zancen ya faɗa maka. Saƙo ɗaya ne da gaske. Abin da bai faɗa ba shi ne takardar da za ta biyo bayan saƙon.

Sadiq_Manchester
Anti Ummi na tura, amsa ta shigo yanzun nan. Fam 449. Innalillahi. Na zaci abin bai wuce fam ɗari da 'yan kai ba.

Injiniya_Bash
Sadiq, adadin nan daidai yake da yadda suke lissafi. Wata tara sau fam 52 ya kama fam 468, sai suka rage maka fam 19 saboda za ka biya a dunƙule. Wato kuɗin fita kusan duk sauran kuɗin kwantiragin ne, illa yanzu za ka biya su a rana ɗaya, kuma babu kira babu data a madadinsu.

Bari mu jera hanyoyin a kan wata 24 masu zuwa, don ma'auni ya zama ɗaya. Zan ɗauka tsohuwar wayarka za ta sayu a fam 170 da tsagewar gilashin, kuma layi zalla marar waya za ka samu a fam 10 a wata.

Idan ka bi yaron shago: 449 na fita, 30 na hannu, sai 58 sau 24 wato 1,392. Jimla 1,871. Cire 170 na tsohuwar waya, saura 1,701.

Idan ka gyara batir a kamar fam 60 ka ƙarasa wata taran, sannan ka koma layi zalla na wata 15: 468 da 60 da 150, jimla 678.

Tsakanin biyun akwai fam 1,023. Ni dai in nawa ne, gyara zan yi.

Maman_Hanifa
Injiniya, lissafinka ya yi kyau amma akwai rashin adalci a ciki. A hanya ta farko yaron zai ƙare da sabuwar waya a hannu, a ta biyu zai ƙare da wayar da ta haura shekara uku tana shan rana da ruwa a kan keke. Ba za a auna su kamar abu ɗaya ba ne.

Injiniya_Bash
Gaskiyarki Maman Hanifa, na karɓi gyara. To mu saka sabuwar wayar a ɓangaren biyu. Sadiq, nawa ake sayar da ita kuɗi hannu?

Sadiq_Manchester
Fam 799 na gani a shafin masu ƙera ta.

Injiniya_Bash
Madalla. Ka saye ta 799, ka zare sim ɗinka ka saka a ciki, ka ci gaba da biyan 52 har wata tara su cika, sannan layi zalla. 468 da 799 da 150, a cire 170, ya kama 1,247. Waya iri ɗaya, sabuwa fil, amma ka tsira da fam 454 a kan abin da shagon ya tsara maka. Ka lura kusan daidai yake da kuɗin fitar nan. Abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne sauya waya daban, soke kwantiragi daban. Kamfanin bai damu da wace waya sim ɗinka ke ciki ba muddin kuɗinsa na shiga.

Nura_Coventry
To ai matsalar ita ce ina zai samu 799 a dunƙule? Da mutum yana da su tun farko da bai shiga kwantiragi ba.

Maman_Hanifa
@Nura_Coventry hanyar shagon ma ai sai ya fitar da 479 a wata ɗaya, 449 na fita da 30 na hannu. Da waɗannan kuɗin zai sayi tsohuwar waya mai lafiya a CeX ko Back Market, da garantinta, har ya samu canji.

Baba_Leicester
Sadiq ɗana, ni tambaya ɗaya zan yi maka, kuma kada ka ji nauyin amsawa. Takardar zamanka saura wata nawa?

Sadiq_Manchester
Baba, bizar bayan kammala karatu ce, ta shekara biyu. Saura wata 14. Ina neman aikin da za su ɗauki nauyina amma har yanzu Allah bai kawo ba.

Baba_Leicester
Allah ya kawo mai albarka. To ka gani, ka zo neman shawara a kan wata tara, alhali abin dubawa yana gaba. Za ka sa hannu a alkawarin wata 24 kana da tabbacin zaman wata 14 kawai. Idan Allah ya ƙaddara komawa gida, ranar da kake haɗa kaya akwai sauran wata 10 a wuyanka, fam 580 ke nan. Ka biya kuɗin fita yau, ka sake biyan wani baɗi, a daidai lokacin da kake neman kuɗin jirgi da na tsaraba. Tsohon kwantiragin naka kuwa zai ƙare wata biyar kafin bizarka. Shekarata 26 a ƙasar nan, na ga yara da yawa sun shiga irin wannan, ba don rashin hankali ba, sai don ba wanda ya zaunar da su ya haɗa musu ranakun biyu a takarda ɗaya.

Sadiq_Manchester
Wallahi Baba ban taɓa haɗa biyun a raina ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma.

Sharp_Boy_Luton
Ni fa ban ga abin tada hankali ba. In lokacin tafiya ya yi ka rufe asusun banki ka hau jirgi. Wa zai bi ka Kano a kan fam 500? Na san mutum uku da suka yi haka lafiya lau.

Hajiya_Peckham
Haba ɗan nan, wannan wace irin shawara ce a bainar jama'a? Ko ba a bi ka ba, haƙƙi ne. Sannan in maganar duniya ce ma, ba lafiya lau ba ne. Idan ka daina biya sai su rubuta ka a wajen masu ajiye tarihin bashi, Experian da Equifax da TransUnion, kuma tabon yana zama shekara shida. Su miƙa bashin ga kamfanonin karɓar bashi, wasiƙu su yi ta zuwa gidan da ka bari, mutanen da suka ba ka masauki su ne za su yi ta gani. In ka dawo ƙasar cikin shekarun nan kana neman katin banki ko lamunin gida, har wani lokaci gidan haya, sai abin ya taso maka.

Ni abin ya taɓa ni ta wata hanyar. Wani ɗan'uwan maigidana ya zo karatu, suka ƙi ba shi kwantiragi saboda bai da tarihi a ƙasar, na karɓa masa da sunana saboda zumunci. Ya biya wata bakwai ya koma gida bai gaya mini an daina biya ba. Ban sani ba sai da wasiƙa ta uku ta zo. Na biya sama da fam 600 na wayar da ban taɓa riƙewa ba, kuma har yau in mun haɗu a taron dangi gaisuwa ce kawai. Kuɗin ban ji zafinsu kamar zumuncin da ya yi sanyi ba.

Sharp_Boy_Luton
Hajiya a yi haƙuri, na janye. Ban yi tunanin waɗanda za a bari da wasiƙun ba.

Malam_Birmingham
Allah ya yi wa Hajiya albarka. Aya ta farko a Suratul Ma'ida umarni ce ga muminai su cika alkawuran da suka ƙulla, kuma ba a ware wanda aka ƙulla da kamfani ko da wanda ba Musulmi ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Wanda ya karɓi waya ya sa hannu, bashi ya ci.

Nura_Coventry
Allah gafarta Malam, tunda an zo nan, ni kwantiragin kansa ne ke damuna. Wayar 799 mutum ya ƙare ya biya fiye da haka. Wannan ba riba ba ce, wato kuɗin ruwa?

Malam_Birmingham
Malam Nura, a rarrabe abu biyu. Sayar da kaya a biya kaɗan-kaɗan da farashin da ya fi na kuɗi hannu, mafi yawan malamai sun halatta shi, da sharaɗin an yanke farashi ɗaya sananne tun wajen ƙulla ciniki. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990. Abin da ta hana shi ne ƙara wa mutum kuɗi saboda ya makara wajen biya. Sannan a fam 58 ɗin nan ba waya kaɗai ake biya ba, akwai kuɗin kira da data. Inda za ka sa ido shi ne takardar bashin waya idan an raba ta daban: ka duba ko an rubuta kuɗin ruwa. Da yawa suna rubuta sifili, wasu dillalan kuma suna sakawa. Wanda aka rubuta masa ruwa ƙarara, wannan a guje shi.

Nura_Coventry
Na gamsu da na farkon. Amma farashi sananne da Malam ya ce, ai su duk Afrilu sai sun ƙara. A 2023 wasu kamfanonin kashi 14.4 cikin ɗari suka ɗora, wasu har 17.3. Wa ya san da haka ranar sa hannu?

Ummi_Glasgow
@Nura_Coventry wannan ne ya sa Ofcom, hukumar da ke kula da sadarwa a nan, ta hana. Daga 17 ga Janairun 2025, duk sabon kwantiragi dole a rubuta maka ƙarin da fam da sulallansa tun ranar sa hannu, ba a jingina shi da hauhawar farashi ba. Ba su hana ƙarin ba, sun dai ce a faɗe shi a fili. Don haka Injiniya, 58 sau 24 ɗin nan ma ka yi wa shagon sauƙi, akwai Afrilu biyu a cikin wata 24 ɗin. Sadiq ka tambaye su nawa ne ƙarin, yana nan a rubuce a taƙaitaccen bayanin da dole su ba ka kafin ka sa hannu.

Wani abin kuma da ya kamata kowa ya riƙe: idan kamfani ya canza sharaɗi ko ya ƙara kuɗi fiye da abin da ke cikin takardarka, dole ya sanar da kai, kuma kana da kwana 30 ka fita ba tare da kuɗin fita ba. Irin saƙonnin nan da muke gogewa ba mu karanta ba, wani lokaci ƙofa ce aka buɗe.

DanFarmCentre
Salamu alaikum mutanen Turai. Ni daga Kano nake bin zancen nan, shagona yana Farm Centre. Mu a nan abin da sauƙi: ka kawo tsohuwa, mu duba, mu yi mata kuɗi, ka ba da ciko ka ɗauki wadda kake so. Ba takarda ba wa'adi. Malam Sadiq, wayar da za su saya a hannunka fam 170 saboda tsagewa, in ta zo nan gilashi kawai za mu canza ta tafi a matsayin London yus. A 2024 da fam ya haura naira 2,000, fam 449 ɗin da ake magana ya tasam ma naira dubu ɗari tara. Jarin wani ne sukutum. Ka ba kamfani su a kan ba komai? Ina!

Amma ina roƙonku da Allah, masu turo waya gida, ku tabbatar tsarkakakkiya ce. Ku cire asusunku na iCloud ko na Google kafin ku bayar. Mun sha karɓar waya mai kyau a ido, a kunna a tarar a kulle take da sunan wani, sai dai a farke ta a sayar da kayan ciki. Mai saye kuma ya danna *#06# ya ga lambar shaidar wayar (IMEI), ya gwada da ta jikin kwali.

Ummi_Glasgow
Alhaji na Farm Centre, ta ɓangaren kullen layi dai an samu sauƙi. Tun Disambar 2021 an hana kamfanonin nan sayar da waya a kulle da layinsu. Ta Sadiq kowane sim za ta ɗauka, har na MTN ko Airtel.

Maman_Hanifa
Amma Alhaji ku ma fa abin ya iso muku. Ƙanwata a Kaduna ta karɓi waya a irin tsarin nan na biya kaɗan-kaɗan, ranar da ta makara wayar ta kulle kanta, ko lambar mijinta ba ta iya dubawa ba.

DanFarmCentre
Haka ne Hajiya, ya shigo sosai, musamman a ƙananan wayoyi. Ka ba da kafin alƙalami, sauran a raba maka wata uku ko shida. Bambancin shi ne layinka naka ne, ba ruwan bashin waya da shi. In kamfanin layi ya ishe ka, tun 2013 ana iya ƙaura da lamba zuwa wani ba ka biya ko sisi ba. Abin da nake gaya wa masu zuwa shagona kullum, su tara duk abin da za su biya har ƙarshe su kwatanta da farashin kuɗi hannu. Da yawa in sun ga jimlar sai su ce a ba su ta hannu kawai.

DanMaradi
Mu a Nijar kati muke sakawa, in ya ƙare a sake saye, Airtel ko Moov ko Zamani. Ina karatun zancenku ina mamaki, a ce mutum sai ya biya kafin ya daina hulɗa da kamfani. Allah ya rufa asiri.

Kabiru_Houston
Ɗan Maradi, ai na Amurka ya fi wannan lulluɓi. Nan manyan kamfanonin sun daina kwantiragin shekara biyu tun wajen 2015 zuwa 2016, suka ce babu sauran tarar fita. Sai suka kawo wani salo. A ce maka waya kyauta ce, amma a takarda bashi ne na wata 36, ko 24 a wasu, duk wata su rubuta maka kuɗin wayar sannan su yafe shi a layi na ƙasa. Ranar da ka tashi, yafiyar ta tsaya, ragowar kuɗin wayar duka ya faɗo kanka. Na bar wani kamfani a wata na 20 saboda sabis ɗinsu ba ya kamawa a sabuwar unguwarmu, na biya dala 400 da ɗoriya a kan wayar da aka ce mini kyauta ce. Na karanta takardar tun farko, amma ban auna cewa shekara uku tana da tsawo ba, mutum yana iya sauya gida ko aiki ko gari a cikinta.

Zara_Toronto
A Kanada tun 2013 akwai dokar da ta ce bayan shekara biyu ba wani kuɗin fita, kuma kafin nan abin da za a caje ka ragowar kuɗin wayar ne, yana raguwa duk wata. Ya fi adalci a ganina, domin ba a sa ka biyan kiran da ba za ka yi ba. Sai dai kuɗin layinmu na wata ya fi naku tsada nesa ba kusa ba, fam 10 ɗin da Injiniya ke faɗa mu sai dai mu ji a bakinku.

Injiniya_Bash
Abin da Zara ta faɗa akwai mai kama da shi a nan. Wasu kamfanonin suna raba takarda biyu, ta waya daban ta layi daban. O2 ne suka fara yayata tsarin tun 2013, Vodafone da Sky su ma suna yi, bashin wayar yana kai wata 36. Amfaninsa shi ne ranar da ka gama biyan waya, kuɗinta ya faɗi daga lissafinka. A haɗaɗɗen kwantiragi irin na Sadiq, idan wata 24 suka cika bai motsa ba, ana iya ci gaba da cire masa kusan abin da aka saba alhali ya gama biyan wayar. Tun Fabrairun 2020 doka ta tilasta su turo saƙo kafin wa'adi ya cika, amma mutum nawa ke karantawa? Sadiq, yau ɗin nan ka saka ranar ƙarewar a kalandar wayarka.

Hajiya_Peckham
Wannan ya faru da maƙwabciyata, dattijuwa ce 'yar Gana. Shekara ɗaya da rabi tana biyan kuɗin wayar da ta gama biya. Jikarta ce ta gano.

Sadiq_Manchester
Na saka, 19 ga Agusta. Tambaya kuma: in lokacin ya yi, yaya zan tafi da lambata? Duk abokan aikina da 'yan gida ita suka sani.

Ummi_Glasgow
Ka tura PAC zuwa 65075, lambar ƙaura za ta zo cikin minti ɗaya, tana aiki kwana 30. Ka ba sabon kamfanin, washegarin ranar aiki lambarka ta koma can, tsohon layin ya rufe da kansa. In ba ka son lambar, STAC za ka tura zuwa 75075. Tun Yulin 2019 ake haka, ba sai ka kira kowa ya yi ta lallashinka ba. Neman lambar ƙaurar kaɗai ba ya soke komai, sai ka miƙa ta. Wannan shi ne saƙo ɗayan da yaron shago ke nufi. Da ka miƙa masa ita jiya, da 449 ɗin sun hau kanka. Kuma ka sani, abin da aka saya ta intanet ko ta kiran waya yana da kwana 14 na canza ra'ayi a doka, na cikin shago kuwa sai abin da shagon ya ga dama ya ba ka.

Aisha_Nurse_Hull
Ni zan ɗan saɓa wa jama'a. Ba kullum fita da wuri ke zama asara ba. An mayar da ni aiki wani asibiti a bakin teku, layina ba ya kamawa a gidan da na kama, ga ni ana kirana aikin dare. Saura wata huɗu, na biya fam 96 na fita, na koma layin fam 8. Da na zauna da fam 104 zan biya a kan layin da ba ya amfanata, kuma dole in sayi wani a gefe. Idan watannin sun yi kaɗan, ko layin ne kansa matsalar, fita ta fi. Na Sadiq dai waya ce matsalarsa ba layi ba, shi ya sa nake tare da Injiniya. Amma kada a tsorata mutane su zauna cikin wahala saboda jin kalmar tara.

Baba_Leicester
'Yata Aisha ta faɗi gaskiya. Kowa da irin tasa.

Nura_Coventry
Ni har yanzu ina ganin wanda abincinsa ke kan waya bai kamata ya yi wasa da tsohuwa ba. Rana ɗaya ta mutu masa a tsakiyar aiki ya yi asarar abin da ya fi kuɗin batir. Ga sanyi ya shigo, batir mai rauni ba ya jure sanyin Manchester a kan keke.

Maman_Hanifa
Shi ya sa aka ce ya canza batirin ai, Malam Nura. Ya ƙara da ɗan bankin caji na fam 20 a aljihu.

Sadiq_Manchester
Jama'a ga inda aka kwana. Na je wajen wani mai gyara a Cheetham Hill, ya duba ya ce ƙarfin batirin ya sauka zuwa kashi 74. Ya canza a fam 55, yau tun ƙarfe takwas nake waje, yanzu bayan isha'i saura kashi 31. Gilashin ya ce fam 110, na ce a bari tukuna, na manna masa kariya. Shagon can ban koma ba.

Sai dai ɗazu kamfanina suka kira ni, ina jin saboda saƙon INFO da na tura ne. Matar ta ce in na sabunta da su yanzu za su yafe mini rabin kuɗin fitar, su ba ni waccan wayar a fam 63 duk wata. Ta ce tayin zai ƙare ranar Juma'a. Na ce zan yi shawara.

Injiniya_Bash
Wata nawa ta ce? 63 ɗin ya fi na shagon da fam 5, sau 24 ya kama 120, in 36 ne 180. Rabin da aka yafe maka fam 224 ne da 'yan kai, ka ga yawancinsa ya dawo ta bayan gida. Ka ce ta turo maka a rubuce ta imel, da jimlar kuɗin har ƙarshe da ƙarin Afrilu.

Baba_Leicester
Kuma wata 14 ɗin nan ba su ƙaru ba tun shekaranjiya, ɗana.

Sadiq_Manchester
Na duba abin da na rubuta lokacin kiran, 36 ta ce. Zan nemi imel ɗin gobe in Allah ya kai mu.

Fati_Bradford
Salam, ku yi haƙuri na shigo a makare, yanzu na gama karantawa daga sama. Nawa irin mai takarda biyun nan ne da Injiniya ya faɗa, saura fam 310 a waya, layin kuma fam 21 a wata. In na biya 310 ɗin gaba ɗaya, layin ma na kuɓuta ko shi da sauran wa'adinsa?

Ummi_Glasgow
@Fati_Bradford ya danganta da kamfanin, wasu suna sakinka da zarar ka biya wayar, wasu layin yana da nasa wa'adin daban. Tura INFO ɗin ke ma, ki kawo mana abin da suka ce.